Tumatirin bokiti yana yaushi, maigida ya ce a tuge a huta

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano, muna zaune gida ɗaya da mahaifiyar maigidana. Ganin yadda kayan miya ke tsada, sai na dasa tumatir goma sha biyu a tsakar gida a watan Fabrairu, biyar a manyan bokitan fenti, bakwai a ƙananan robobi. Da farko sun yi kyau gwanin sha'awa. Yanzu da zafi ya shigo, kullum da azahar sai su yi yaushi, fure yana zubewa, 'ya'yan da suka fito kuma ƙasansu ya yi baƙi kamar an ƙona, wasu sun tsage. Ruwa saye muke yi wajen 'yan garuwa. Ran da aka samu in ba su da yawa, ran da babu su haƙura. Hajiya kuma da ta ga sun yi yaushi sai ta ɗebo ruwa ta zuba musu, wani lokaci har da na wanki, ni kuma ina jin nauyin hana ta. Maigida ya ce kuɗin ruwan da nake zubarwa ya fi ƙarfin tumatirin, in tuge a huta. Na sayo maganin feshi na fesa, bai yi komai ba. Ruwan ne ya yi kaɗan ko yawa ya yi? Ko dai in haƙura?

Wata baiwar Allah, Kano

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki tuge su duka, kuma kada ki ƙara kashe ko sisi wajen maganin feshi saboda wannan baƙin. Amsar tambayarki ita ce duka biyun: wata rana ruwan ya yi kaɗan, wata rana ya yi yawa. Wannan hawa da saukar shi ne yake wahalar da shukarki fiye da komai, kuma alhamdulillahi abu ne da yake hannunki.

Manomin da ke Kadawa ko Kura, in ya saki ruwa a kwarin kunya, zai iya yin kwanaki bai sake ba, domin saiwar tumatir a gona tana nitsewa fiye da rabin mita tana neman laima. Naki kuwa duniyarsa iyakar bokiti ce. Abin da kika zuba shi ke nan, babu inda saiwa za ta miƙa ta samo ƙari. Ga rana tana dukan jikin bokitin, ga daɓen siminti yana turo zafi ta ƙasa. Shi ya sa tumatirin bokiti ba ya jure fashi, ko na kwana ɗaya ne, muddin ya girma ya fara 'ya'ya.

Baƙin nan da kike gani a ƙasan 'ya'yan, daidai wajen da furen ya faɗi, ba ƙwaro ba ne ya jawo shi, ba kuma cuta ce mai yaɗuwa ba. Tsutsar nan da ake kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, tana barin huji a jikin ɗan tumatir da farin tabo a cikin ganye inda tsutsar ta ci. Naki daban ne: wuri ne da ya fara kamar jiƙaƙƙe, sai ya loɓa ciki, ya yi baƙi, ya bushe kamar fata. Dalilinsa sinadarin kalsiyam ne bai isa wajen ba a lokacin da ɗan tumatirin yake ƙanƙane yana saurin girma. Kalsiyam kuwa ba ya hawa jikin shuka sai a cikin ruwa. Ranar da ƙasa ta bushe, ɗan ruwan da saiwa ta samu ganye ne suke janye shi, domin su ne rana ke tsotsa, sai a bar 'ya'yan, musamman can ƙarshensu da ya fi nisa da reshe. Ranar da ƙasar ta cika da ruwa ta yi caɓalɓal kuma, saiwa ba ta samun iska, sai ta kasa sha. Ta kowane ɓangare dai ɗan tumatirin ne yake asara. Sau da yawa kalsiyam ɗin yana nan a cikin ƙasar, hanyar kai shi ce take yankewa. Don haka ɓawon ƙwai da za ki ji ana cewa a daka a zuba, ba laifi ba ne, amma yana ɗaukar watanni kafin ya narke, ba zai ceci waɗannan 'ya'yan ba. Dogayen iri kamar Roma da wanda ake kira UTC sun fi saurin yin wannan baƙin, ƙananan tumatir masu zagaye kuwa da wuya ya kama su.

Waɗanda suka riga suka yi baƙi ba za su warke ba. Ki tsinke su yau, don shukar ta mayar da ƙarfinta kan na baya. Wanda ya nuna kuma bai ruɓe ba, bai yi fumfuna ba, ki yanke baƙin ki yar, sauran ya shiga miya.

Tsagewar ma daga nan take. In ƙasa ta daɗe a bushe fatar tumatir tana yin tauri, sai a kwararo ruwa lokaci guda, cikinsa ya kumbura da sauri fiye da yadda fatar za ta iya buɗewa, sai ta dare. Ki riƙa tsinke su da zarar sun fara ja, su ƙarasa nuna a inuwa a kan faranti.

Yanzu maganar yaushi, wadda ita ce take tayar wa Hajiya hankali. Yaushin azahar a watan Afrilu ba kullum ne yake nufin ƙishi ba. In rana ta take, ganye yana fitar da ruwa da sauri fiye da yadda saiwa take iya ɗaukowa, ko da ƙasar a jiƙe take, sai shukar ta sunkuyar da kai. In rana ta yi sanyi ta miƙe abinta. Lokacin da za ki yanke hukunci shi ne da sassafe. Ki fito bayan sallar asuba ki dube su. Wanda ya miƙe garau, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya kwana ya tashi a yaushe, akwai magana, kuma yatsanki ne zai gaya miki ita. Ki tura shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, kusa da gefen bokiti. In kin ji a bushe, ƙasar ba ta manne a yatsa ba, ƙishi ne. In kin ji sanyi da laima, ki bar shi. In kuwa kin ji taɓo, ko kika ji ɗan wari na tsami, ga ganyen ƙasa sun fara rawaya, to ruwa ya yi yawa, saiwar ce take shaƙewa. Abin takaicin shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, sai mai tausayi ya gani ya ƙara mata. Haka tumatir da yawa suke mutuwa a hannun masu sonsu.

Ki kuma saba ɗaga gefen bokitin kaɗan. Cikin kwana biyu hannunki zai gane nauyinsa in ya ƙoshi da nauyinsa in ya bushe.

Ki kifa kai ki duba ƙasan kowane bokiti. Akwai huji? In babu, ko ɗaya ne tak, ki ɗora ƙusa babba a wuta ki huda guda shida ko takwas a ƙasa, ki ƙara biyu ko uku a gefe can kusa da gindi. Sannan ki ɗora bokitin a kan bulo biyu ko guntayen katako. Wannan zai ba ruwa hanyar fita, ya kuma raba shi da zafin siminti. Kada ki ajiye faranti a ƙarƙashi ruwa yana kwana a ciki, saiwa za ta ruɓe, sauro kuma ya samu gida.

Yadda za ki ba su ruwan: da safe kafin hantsi, a gindi, a hankali. Kada ki watsa a kan ganye, jiƙaƙƙen ganye shi ke gayyato cututtukan da ke sa ɗigo-ɗigon baƙi. Ki zuba rabi da buta ko moɗa, ki wuce na gaba, in kin zagayo ki ƙarasa masa, har sai kin ga ya fara ɗiga ta ƙasa. Ɗan yayyafi a sama ba ya amfani, saman ne kawai yake jiƙa, saiwar ƙasa tana nan da ƙishinta. Babban tumatir mai 'ya'ya a bokitin lita 20 yakan sha kimanin lita 2 zuwa 3 a rana a irin wannan zafin, wato babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi sau biyu. Da la'asar a sake sa yatsa. In ya bushe a ƙara, in da laima a bari sai gobe.

Akwai wani abu da yake yaudarar mutane, kuma ina kyautata zaton yana faruwa a bokitanki tunda suna yin fashi. In ƙasa ta bushe ƙamas takan tsuke ta janye daga jikin bokiti, ta bar siririyar kafa a zagaye. Kina zuba ruwa sai ya bi ta nan ya fice ta ƙasa nan take, ki ce ai ya ƙoshi, alhali tsakiyar ko ɗigo bai taɓa ta ba. In kin ga ruwa ya fito da sauri haka, ki sa bokitin a cikin baho mai ruwa na rabin awa ya sha ta hujin ƙasa, sannan ki fitar da shi ki cike kafar da ƙasa. Ruwan da ya rage a bahon na gaba ya sha.

Abin da zai fi rage miki kuɗin garuwa shi ne rufe saman ƙasar. Ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, busasshiyar ciyawa ko busasshen ganye, duk wanda ya sawwaƙa, ki shimfiɗa kaurin yatsu uku, ki bar ɗan fili a jikin karan don kada ya ruɓe. Ki ɗaga shi da azahar ki taɓa ƙasar da ke ƙarƙashi, ki kwatanta da wadda ba a rufe ba, za ki ji bambancin da hannunki. Ki naɗe jikin bokitin da tsohon buhu ko kwali, musamman in baƙi ne ko mai duhu. Sannan ki matsar da su inda za su sha ranar safe har zuwa tsakar rana, katanga ta kare su daga ranar yamma. Awa shida na rana ya ishe su. In babu irin wannan wurin, tsohon gidan sauro a ninka biyu a ɗaura a sama ya wadatar. Ranar da za ki yi wuni a unguwa, ki huda murfin gora da allura mai zafi, ki cika ta, ki yi ɗan huji a gindinta, ki kifa ta cikin ƙasar ta riƙa ɗiga. Ki fara gwada ta ranar da kike gida don ki san awa nawa take yi.

Ƙananan robobin nan bakwai kuwa, gaskiya sun yi wa tumatir kaɗan. Robar lita huɗu ba ta riƙe ruwan da zai kai babbar shuka daga safe zuwa azahar a bazara, komai ƙoƙarinki. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ki zaɓi biyu mafi ƙarfi a cikinsu, ki mayar da su babban mazubi, ko tsohuwar jarka da aka yanke samanta, ko buhu da aka naɗe bakinsa. Ki yi dashen da yamma, bayan kin jiƙa su, ki zare su da ƙasarsu gaba ɗaya ba tare da kin fasa ta ba, ki bar su a inuwa kwana biyu ko uku. Sauran biyar ki haƙura da su, robobin ki shuka alayyafo ko albasa mai lawashi, su ba sa buƙatar zurfi. Na san da ciwo mutum ya tuge abin da ya raina tun yana ganye biyu, amma bakwai masu ƙoshi za su ba ki fiye da sha biyu masu wahala.

Wannan shi zai ba ki abin faɗa wa maigida. Maganarsa tana da tushe, kada ki ɗauke ta a matsayin rashin goyon baya, shi ne yake biyan ɗan garuwa kuma yana ganin ruwa yana tafiya babu tumatir. Ki je masa da lissafi. Shuka bakwai, kowace lita uku, lita 21 ke nan, bai kai jarka ɗaya mai lita 25 ba a ranar da ta fi kowace zafi. Kuma ba sai an saya duka ba. Ki ajiye baho a inda ake alwala, ki ga abin da zai taru daga asuba zuwa isha'i. Ki haɗa da ruwan wankin shinkafa, na wankin kayan miya da ganye, da na ɗaurayar ƙarshe da babu kumfa a ciki. A gida mai mutane da dama wannan kaɗai yakan ɗauke kaso mai yawa. Ki kuma ware jarka ɗaya ta ajiya, ranar da 'yan garuwa ba su zo ba ita za ta hana fashi. Sai ki roƙe shi ya ba ki sati uku. In 'ya'yan da suka fito bayan gyaran nan sun zo lafiya, ya gani da idonsa.

Ruwan wanki dai a daina. Omo da sauran garin sabulu suna da gishiri iri-iri, Hypo kuwa ƙona saiwa yake yi kai tsaye. A fili ruwan sama yakan wanke su su nitse, a bokiti taruwa suke yi, kuma gishiri in ya taru a ƙasa yana hana saiwa jan ruwa ko da ƙasar a jiƙe take, wanda hakan yake ƙara baƙin da kike kuka da shi. Haka ruwan da aka dafa taliya da gishiri, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo. In kin ga farin abu ya bushe a saman ƙasar ko a bakin hujin, alamarsa ke nan. Ki sadaukar da ruwa mai kyau sau ɗaya, ki zuba wa kowane bokiti a hankali har ya yi ta zuba ta ƙasa sosai, ya wanke abin da ya taru.

Game da Hajiya, kin yi daidai da kika ji nauyinta, kuma ba sai kin hana ta ba. Tsohuwar da ta ga shuka ta sunkuya ta kasa wucewa, mai tausayi ce, kuma mai yiwuwa ta san shuka tun kafin a haife ki. Irin wannan a jawo ta ciki ake yi. Ki same ta a natse ki ce, "Hajiya, an ce mini ruwan Omo ne yake ƙona tumatirin nan. Ga baho na ajiye musu nasu daban. Don Allah ki riƙa taya ni duba su bayan la'asar, in kin ji ƙasar ta bushe ki ba su, ni sai in riƙe na safe." Ki kira ta ku sa yatsa tare a bokiti biyu, ɗaya busasshe ɗaya mai laima, ki tambaye ta wanne take ganin yana so. Da kanta za ta faɗa. Kin ga an samu mai safe da mai yamma, kowa ya san lokacinsa, yara kuma a ce musu su bar wa Hajiya aikinta. Tumatirin farko da ya nuna lafiya, hannunta za ki fara kai shi.

Sai abin da ruwa ba zai gyara ba, gara in faɗa miki tun yanzu don kada ki zargi kanki. Zubewar fure yawancinta aikin zafi ne. In zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin furen yana lalacewa, furen ya bushe ya faɗi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Kano kuwa a Afrilu da Mayu takan kai 40. Wannan ne ma yake sa tumatir ya yi wuya a kasuwar 'Yankaba daga ƙarshen bazara har cikin damina, manyan manoma ma ba su tsira ba. Inuwar yamma da laima mai ɗorewa za su rage asarar, ba za su kawar da ita ba. Aikinki a makonnin nan shi ne ki riƙe shukar da rai da lafiya, in aka fara ruwa gari ya yi sanyi za ta sake fure.

Taki kuma a bi a hankali. Yawan ban ruwa yana wanke abincin da ke bokiti, don haka duk sati biyu ki ba kowanne ƙaramin cokalin shayi ɗaya na NPK 15-15-15, a gefen bokiti nesa da kara, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko ki zuba tafi ɗaya na tsohon kashin awaki ko na shanu da ya riga ya ruɓe. Ki guji yuriya yanzu. Tana sa ganye ya yi yawa ya yi shar, ganyen kuma su ƙara ƙwace wa 'ya'ya ruwa. Ɗanyen kashin kaji ƙonawa yake yi. Tunda kin yi feshi, ki duba jikin kwalbar ki ga kwana nawa aka ce a jira kafin a ci, ki cika su.

In akwai wanda kika yi wa duk wannan amma yana nan a yaushe safe da yamma, ganyensa kore, ƙasarsa da laima, ki yanko karansa daga ƙasa ki tsoma bakin a kofin gilas mai ruwa garau, ki riƙe shi ba motsi. In cikin 'yan mintuna kika ga wani farin abu kamar zare yana saukowa daga yankan, cutar yaushi ce ta ƙwayoyin cuta, ba ta da magani. In kuma kin tuge kin ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. A duka biyun ki fitar da shukar da ƙasarta daga gidan, ki wanke bokitin sosai ki shanya a rana kafin ki sake amfani da shi.

Damina na zuwa, lissafin zai juya. A lokacin ki rage abin da kika rufe ƙasar da shi, ki tabbata hujin bai toshe ba, in aka yi kwanaki ana ruwa ki ja su ƙarƙashin baranda. Amma ko an yi ruwa ki sa yatsa, domin ganyen babbar shuka yakan kare bakin bokiti, a yi yayyafi a gama ƙasar tana bushe. Zagaye na gaba kuwa ki yafa iri a Oktoba, ki dasa bayan sati uku zuwa huɗu, ɗaya a kowane babban bokiti, a ƙasar da kika haɗa jigawa da tsohon taki don kada ta daskare. Furensa zai faɗo cikin sanyin Disamba da Janairu, lokacin da tumatir ya fi so. Iskar hunturu tana busar da bokiti ko da gari da sanyi, saboda haka duba na safe yana nan daram. Allah ya sa albarka, ki gaida Hajiya.